Burgamin Sha-Raɓa

Na san abin da ake faɗa a gidan kawunku Halliru. Ana cewa na ɗauki burgamin kakanmu na kai ƙasar Sin na sayar wa wata mai masana'anta, na naɗe kuɗin na sa a lalita. Na san kun ji, don ina ganin yadda kuke sauya zance idan na shigo. Shekaru ina jin wannan magana ina haɗiyewa, ba don ba ni da baki ba, kun dai san uwarku. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, likita kuma ya ce ni da jirgi sai dai in ji ƙararsa a sama, na ga gara in rubuta muku da hannuna, tun ina da ran da zan ce wa mai ƙarya ƙarya yake yi.

Sunan kakana na yanka Garba, amma ba wanda ke kiransa da shi. Sha-Raɓa ake ce masa, don ya fi kwana a waje da cikin ɗaki. A zamanin Turawa aka zo garinmu ɗibar maza aikin tilas na hanya, wani ɗan doka ya mari mahaifinsa a gaban jama'a, shi kuwa ya karya wa ɗan dokan hannu ya faɗa daji. Dajin nan shi ne ya raba mu da ƙasar Maraɗi, gefe guda na Ingilishi, gefe guda na Faransi. In 'yan dokan Di'o, Baturen mulkin Ingilishi, suka matsa masa sai ya tsallaka can, in sojan Faransi suka taso shi sai ya dawo nan. Wasu da suka tsere wa aikin tilas suka bi shi. A gidanmu da labarinsa ake yaye yaro. Yadda yake juya takalminsa gaba ta koma baya, masu bin sawu su yini suna nisa da shi suna zaton kusantarsa suke. Yadda ya shiga kasuwa da shigar mai tallan nono, har ya auna wa ɗan dokan da ke cigiyarsa. Yadda mata ke ajiye masa fura a gindin tsamiya, Di'o ya ƙone rumbunan garin, washegari aka sake ajiyewa. Sai da mulkin ya fara sanyi ya dawo gida ya kama fartanya, ba a taɓa sa masa ankwa ba. Duk wanda ya ba da labarin kuma da magana ɗaya yake rufewa: Sha-Raɓa bai taɓa cin kayan talaka ba, na Bature kaɗai yake ci.

Shaidar wannan ita ce burgamin, jakar fatar akuya mai maratayi. An ce kuɗin harajin Faransi ne a ciki, kuma daga jikin sirdin Baturen da kansa Kaka ya sare shi da takobi. Ga wurin saran nan a maratayin, an ɗinke da jijiya.

Ni na riske shi da rai, tsoho tukuf, idonsa ya yi hazo. Yana zaune a zaure amma ƙafarsa ba ta daina motsi. Abin da ban kula da shi ba sai da na manyanta shi ne, shi bai taɓa ba da labarin nan da bakinsa ba. In maroƙa suka zo da sallah suka fara yi masa kirari, sai ya lallaba ya zagaya bayan gida. Yara na tsoronsa, ni kaɗai nake zama kusa da shi, don yana ba ni aya. Yakan jawo burgamin ya laluba ɗinkin da babban yatsa, ya daɗe, sannan ya ce,

"Bai saki ba. Na ce ya saki, bai saki ba."

Mu kuwa sai dariya. Kai, Bature da son kuɗi! Da zai rasu ni ya miƙa wa burgamin, ya ce ni ce na gado ƙaiƙayin ƙafarsa. Yaya Halliru yana tsaye yana kallo, shi ne babban jika namiji, kuma tun daga ranar abin ya tsaya masa a wuya.

Kaka bai yi ƙarya ba. Ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, yakan ce ya auri mace ya samu baƙuwa. Na yi Legas, na yi Kwatano, na yi Dubai, daga ƙarshe ƙafar ta jefa ni Guangzhou. Takalma daga Zhanxi, jakunkuna daga Shiling, kwana a wani ɗan gida da muka kama a Panyu ni da wasu mata biyu 'yan Kano. Shekarar da nake son ba ku labarinta, na gaji da sayar da jaka mai sunan wani Bature da ban san ko yana da rai ba. Na ce me zai hana in yi tawa, siffar burgamin Kaka, a maƙala ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunan Sha-Raɓa, ta fito kasuwa kafin babbar sallah? Da na gaya wa kawunku, a karon farko a rayuwata ya ce na yi tunani.

Na ɗauki burgamin muka yi mota zuwa Shiling, wurin wata mata da na daɗe ina oda a hannunta. Lawban muke ce mata, wato mai gida, gajeriya, kullum riƙe da kwalbar shayi. Akwai wata kalma da duk ɗan kasuwa ke koya da wuri a can, imo-iyan, ma'ana sak, ba ragi ba ƙari. Saboda sun sha yi mini gyaran da ban sa su ba, na ɗaga mata yatsa na maimaita ta har ta gaji da gyaɗa kai. Da na koma karɓar samfur, na ga abin da ya sa na dafe ƙirji. Jakar ta yi kyau, amma sun yanke maratayin sabuwa fil sun ɗinke, daidai inda na Kaka yake da ɗinki. A cikin marfin kuma sun buga wani zane, kamar sawun zabo, yatsan tsakiya a karkace. Na fara faɗa, na ce wa ya sa su wannan shirme? Lawban ta kurɓi shayinta, ta sa aka kawo tsohon burgamin, ta haska cikin marfin da fitilar waya. Zanen yana nan. Tsufa da maiƙon hannu sun shafe shi, shekara da shekaru ina ɗauka tamoji ne na fata.

"Hajiya," in ji ta, da 'yar Hausarta ta kasuwa da ta tsinta a bakinmu, "ke ce imo-iyan."

Zanen ya yi mini kamar na san shi a wani wuri, amma ina sauri, ban tsaya tunani ba. Na rataya samfurin na nufi ofishin mai yi mini jigila, don in yi masa burga.

Alhaji Issufu mutumin Maraɗi ne, shi ke loda mini kaya a kwantena tun farkon zuwana. Mutum ne mai ban haushi. Kwali ɗaya sai ya juya shi ta kowane gefe, ya sa a sake ɗaurewa, kana tsaye ƙafarka na ciwo. Amma ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Kuma duk ranar da kaya suka sauka Kano, ba ya sa yaransa kira, shi da kansa zai bugo, ya ce, "Hajiya, kaya sun iso," ya kashe. Ba gaisuwa, ba ya gida. Har kwaikwayonsa muke yi a Panyu. Ranar ofishin a cike yake, ga 'yan Kumasi, ga mutanenmu 'yan kasuwar Kwari. Na ajiye jakar a teburinsa. Ya buɗe marfin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Hajiya, ina kinka samo wanga zane?"

Abin nema ya samu. Na gyara mayafi na kwararo labarin Sha-Raɓa tun daga marin ɗan doka har zuwa sirdin Bature, ina yi ina kallon jama'a. 'Yan Kumasi suna ta jinjina kai. Alhaji Issufu bai katse ni ba. Da na gama, ya miƙe ya jawo wani kwali daga cikin nawa, ya juyo mini gefensa. Kowane mai jigila yana da alamar da yake zanawa a kwali da alƙalamin tawada don kada kayansa su cakuɗe da na wani. Tasa na gani, wadda na shekara ina gani ban kalla ba. Sawun zabo, yatsan tsakiya a karkace.

"Alamar gidan uwata ce," ya ce. "Dukawa ne, masu aikin hwata. Duk abin da sunka ɗunka sai sun sa ta. Kwamanda, Baturen da kinka hwaɗi, bai bi hanyar nan ba, Hajiya, yana bariki yana shan inuwa. Lanho, abin da ku kuke ce ma haraji, mutane aka ɗora ma. Mai gari ya zaɓo su dole, kowa ya zo da burgaminai a zuba mishi. Da mutanen daji sunka hito, masu bindigar da ke rakiya sunka zura, 'yan dako sunka watse da kayansu, kowa ya kai nashi. Sai guda, wanda ke baya, don yana ɗingishi. Tanko sunanai. Shi ya haihi uwata."

Ya ci gaba da magana a hankali, kamar mai karanta adireshi. Tanko ya koma gari ba jaka, kafaɗa a sare. Kwamanda ya ce shi ya yanki kansa, bakinsu ɗaya da ɓarayi, ya miƙa musu ne don a raba da shi. Aka kai shi kaso, wato kurkuku, daga nan aikin hanya, ya dawo hannu ɗaya ba ya ɗaguwa. Garin kuma aka sa su sake biya, a shekarar da damina ta yi gardama, har irin shuka sai da suka sayar. Ba su yafe masa ba. Suka sa masa suna Saki-Kaya. Uwar Alhaji tana yarinya, in ta je rijiya da sunan ake yi mata waƙa.

"Har ya mutu yana hwaɗin bai saki ba. Ba wanda ya yarda."

Maganar Kaka ce sak. Amma bakin nan nawa ya riga hankalina.

"Alhaji, kana nufin kakana ɓarawo ne?"

"Ban ce ba. Na Nasara ya ɗauka, gaskiyarku. Mu munka biya."

Na fizgi jakata na fita, ko lifta ban jira ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san zama ba. In na shiga ɗaki sai ya yi mini ƙunci, in na fito titi sai ya yi mini hayaniya. Na shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa daga Panyu ba tare da na san inda za ni ba, in ya kai ƙarshen layi in tsallaka in hau mai dawowa. Na zaga benayen Zhanxi ina taya takalman da ba na so, mai shago na bina da na'urar lissafi, in ya sauko da farashi in yi gaba. Na kwashe kwalayena daga wurin Alhaji Issufu na kai wa wani ɗan Kumasi, ya dube ni ya ce, "Hajiya, kai da Alhaji faɗa ne?" don su a bakinsu kowa namiji ne. Ko dariya ban yi ba. Matan ɗakinmu suka ce ko jinina ne ya hau. Ba jini ba ne. Muryar Kaka ce ta ƙi fita daga kunnena, kuma yanzu da na sake saurarenta sai na ji ba muryar mai ba'a ba ce. Mu ne muke dariya. Shi yatsansa kawai ke kai da komo a kan ɗinkin.

Na ji haushin Alhaji Issufu, na ji haushin Lawban da fitilarta, na ji haushin Kaka da ya zaɓe ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san duk duniya ni kaɗai ce mai rai da ta zauna kusa da tsohon nan har ta ji maganar da kyau, kuma a hannuna shaidar take. Wanda ya miƙa jaka da kansa, ba a sare masa maratayi.

Na kira kawunku. Na gaya masa komai, ban rage ba.

"Ke Kulu, ki shiga hankalinki," ya ce. "Mutumin Faransi ne zai koya mana tarihin gidanmu? Ya ga za ki yi kasuwa ne yake baƙin ciki."

"Yaya, kai ma ka ji Kaka yana faɗa. Bai saki ba."

"Da Bature yake!"

"In da Bature yake, me ya sa bai taɓa yin dariya ba? Me ya sa yake gudun maroƙa?"

Sai ya ce, "Ki dawo mana da kayan gidanmu. In kika yi wani abu da shi, ba ni ba ke."

Da safe na kama mota zuwa Shiling. Na ce wa Lawban a dakata, ba za a sa sunan ba, ba za a sa zanen ba, don zanen ba nawa ba ne, sunan kuma ban san yadda zan rataya shi a kafaɗar matan mutane ba. Ta ce an riga an zuba ƙarafan, an yanka fata. Na tambaya ko da dabara. Ta kaɗa hannu ta ce meyo, babu. Haka na rasa kasuwar sallar shekarar gaba ɗaya, kun tuna ita ce sallar da ban yi muku ɗinki biyu ba kuka yi ta kumbure-kumbure. Na karɓi tsohon burgamin na wuce ofishin Alhaji Issufu kai tsaye, don na san in na biya gida zan iya sauya ra'ayi.

Yana cikin auna kaya. Na ajiye burgamin a gabansa, na nuna masa ɗinkin. Na ce masa kakana ya tsufa ya makance a hannuna, kuma ga abin da yake faɗa kullum in ya taɓa wurin nan. Na faɗa masa kamar yadda Kaka ke faɗa, har da inda yake jan numfashi. Mutumin nan da ban taɓa ganin ya zauna a lokacin aiki ba, sai ga shi ya laluba kujera. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Sake hwaɗi," ya ce.

Na sake. Ya miƙo wayarsa ya ce in faɗa a ciki, uwarsa na da rai, ta tsufa ƙwarai amma kunnenta garau. Na faɗi sunana da sunan ubana da na kakana, na faɗi maganar. Na ji kunya, na kuma ji wani sauƙi da na manta yadda yake. Da na tura masa burgamin sai ya janye hannu.

"A'a, Hajiya. Gadonki ne. Ba ni amsar kyauta irin wagga."

"Wa ya ce kyauta ce? Kaya ne na kawo jigila. Ka auna ka kai wa Inna. Ko ka daina aiki ne?"

Ya dube ni, ya dubi burgamin. Ya ɗora shi a sikeli kamar kowane kaya, ya juya shi ta kowane gefe yadda ya saba. Bai zana masa alama ba, tana jiki. Bai kuma sa shi a kwantena ba. Da lokacin tafiyarsa gida ya yi, a kafaɗarsa ya rataya shi ya shiga jirgi.

To kun ji inda burgamin ya tafi. Ban sayar ba, kuma ko ƙwandala ba ta shiga tsakani ba. Kawunku ya cika alkawarinsa. Mun haɗu a suna, mun haɗu a jana'iza, gaisuwar da yake yi mini ta baƙo ce. Ya fi masa sauƙi ya ce na sayar wa 'yan Sin da ya faɗi abin da na gaya masa, kuma abin yana yi mini ciwo har yau, don shi ya goya ni ina ƙarama. Ku ci gaba da zuwa gaishe shi, ban yarda ku shiga faɗan da ba naku ba. Game da Kaka kuwa, kada wanda ya ce muku na zubar da shi. Ina sonsa yanzu fiye da lokacin da nake yi masa kirari. An mari ubansa ya rama, an farauce shi kamar naman daji bai durƙusa ba, duk wannan gaskiya ne, ku ba 'ya'yanku. Amma in kun zo ƙarshe kada ku rufe da maganar da muke rufewa da ita. Ku ce akwai wani gurgu mai suna Tanko a tsallaken iyaka, an ɗora masa takobi a kafaɗa an ce ya saki. Kakanku ya san da shi, ya yi ta faɗa mana a zaure muna dariya.

Bayan tafiyar Alhaji Issufu na yi ta jira. Ƙafar ta sake tashi, na kasa cin abinci, waya na ƙara in zabura. Daga baya wani ɗan garinsu ya ba ni labarin yadda aka yi: tsohuwar ta sa aka ɗauke ta zuwa ƙofar mai gari, aka tara dattawa, burgamin ya zaga hannu zuwa hannu kowa na laluba saran, aka kunna muryata a gaban jikokin waɗanda suka yi mata waƙa a rijiya. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, ina cikin mota a hanyar Shiling, cunkoso ya tsayar da mu, ruwa na zuba, wayata ta yi ƙara. Lambar Nijar ce. Na ɗauka, na ji hayaniyar mutane a bayansa, da wata murya ta tsohuwa tana ta maimaita suna ɗaya, Tanko. Ya yi gyaran murya, ba gaisuwa, ba ya gida.

"Hajiya," ya ce, "kaya sun iso."